Filin Tambaya da Amsa: Wai ta yaya ake bin sawun hayaƙin wutar daji daga sama?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni sun taru min a kan abu ɗaya, wutar daji da hayaƙinta da hotunan nan na tauraron ɗan'adam da ake ta yawo da su a waya, sai na ce bari in haɗa su wuri ɗaya mu huta. Masu tambaya kan batirin sola ku yi haƙuri, ban manta da ku ba.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ƙanina yana karatu a Niyu Yok, a 2023 ya turo min hoto gari ya koma ja kamar magariba alhali rana tsaka ce, wai hayaƙin wutar dajin Kanada ne. Ni dai har yau abin bai shige ni ba, wata ƙasa fa! Wa ya bi hayaƙin ya ga daga can ya taso? Ko dai shaci-faɗi ne irin na masana? Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yar'uwa ba shaci-faɗi ba ne, an bi shi, kuma da ido aka bi shi. Ranar da kike magana 7 ga Yuni 2023 ce. A farkon watan tsawa ta kunna wuta a dazukan lardin Kebek na Kanada wuri-wuri da yawa, daji ya bushe ƙayau, sai kuma aka yi rashin sa'a wata guguwar iska ta zo ta kafe a gabar teku ta gabashin nahiyar ta ƙi matsawa, tana ta juyi, ita ce ta rinƙa kwaso hayaƙin tana turo shi kudu kamar ana zuba shi ta mazurari, ɗaruruwan kilomita, har kan Niyu Yok. A shekarar nan kusan hekta miliyan 15 ta ƙone a Kanada, ba su taɓa ganin irinta ba tunda suka fara ajiye lissafi.

To masu kallon daga sama iri biyu ne, kuma in kin gane bambancinsu kin gane rabin zancen.

Akwai masu zaman dirshan. Ana kai su can nesa, kusan kilomita 36,000 saitin tsakiyar duniya, a wannan nisan gudunsu daidai yake da juyin duniyar, don haka kullum suna kan wuri guda kamar an kafe su da ƙusa. Na Amurka sunansu GOES, a 2023 GOES-16 ne ke kallon gabashin nahiyar, Japan tana da Himawari, Turai tana da Meteosat wanda shi ke kallon Turai da Afirka. GOES yana ɗaukar hoton fuskar duniyar da ke gabansa duk minti 10, ɓangaren Amurka kuma duk minti 5, in kika jera hotunan nan ɗaya bayan ɗaya sai ya zama bidiyo, ki ga hayaƙi ya tsiro daga ɗan wani ɗigo a daji, ya yi tsawo kamar jela, ya baje, ya lanƙwasa inda iska ta lanƙwasa, ya tsallake iyaka ba fasfo ba biza. Na sha zama ina kallon irin bidiyon nan ina maimaitawa, wallahi kamar an ɗiga madara a ruwa.

Sai masu yawo. Su ƙasa-ƙasa suke, kilomita 700 zuwa 800 da ɗoriya, suna zagaya duniya ta arewa su ɓullo ta kudu, zagaye ɗaya wajen minti 100, duniya kuma tana juyawa a ƙarƙashinsu, kafin kwana ɗaya sun leƙa kusan ko'ina. Tsofaffin ciki su ne Terra da hukumar NASA ta harba a Disamba 1999 da Aqua a Mayu 2002, kowanne ɗauke da na'urar ɗaukar hoto mai suna MODIS, sai Suomi NPP na 2011 da ƙannensa masu ɗauke da VIIRS. Su sun fi gani dalla-dalla tunda suna kusa, matsalarsu dai leƙe suke yi su wuce, sau ɗaya da rana sau ɗaya da dare, abin da ya faru tsakani sai dai a tambayi masu zaman dirshan.

Kuma wutar kanta ba da hasken da idonmu ke gani ake kama ta ba, da zafinta ne. Kamarorin nan suna ganin wani haske da ake kira infirared wanda duk abu mai zafi ke fitarwa, kuma akwai wani zango nasa, wajen maikiromita 4 (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), da wuta ke haskawa a cikinsa fiye da kima. Ki ɗauka ɗaki ne mai duhu aka ajiye garwashi ɗaya a lungu, garwashin bai kai komai ba in an gwada da girman ɗakin amma shi idonki zai fara kamawa. Haka kwamfuta ke yi, ta duba kowane ɗigo na hoton ta gwada shi da maƙwabtansa, wanda ya fi su zafi nesa ba kusa ba ta ɗiga masa jan maki. Kin ga an samu bakin zaren kenan, ga inda wuta take, ga jelar hayaƙin ta fito daga wurin.

In kuma hayaƙin ya yi nisa har ya rabu da gindinsa, akwai wata dabara, a ɗauki bayanan iska na kwanakin baya a sa kwamfuta ta yi tafiya da baya, wato iskar da ke kan wannan birni yau ina take jiya, ina take shekaranjiya. Hukumar NOAA ta Amurka tana da manhaja ta wannan aiki mai suna HYSPLIT. In sawun ya koma ya dire kan jajayen ɗigon nan, magana ta ƙare. Abin da ya fi burge ni ma, a NOAA ɗin har yanzu akwai mutane, ba inji ba, da ke zama gaban allo kullum suna zana iyakar hayaƙi da hannu, su rubuta nan kaɗan ne, nan matsakaici, nan mai kauri. Kuma sun fi ganinsa da sassafe ko dab da faɗuwar rana, lokacin da haske ke zuwa a karkace, kamar dai yadda ba kya ganin ƙurar ɗaki sai rana ta ratso ta taga.

Kuma Kanada zuwa Niyu Yok ai nan da nan ne. Wutar Ostareliya ta ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020 tsabar zafinta sai da ta haifi hadarin kanta, gajimare mai tsawa da walƙiya wanda wuta ce uwarsa, shi ya cilla hayaƙi can ƙololuwa sama da inda gajimaren ruwa ke tsayawa, inda babu ruwan da zai wanke shi. Hayaƙin ya rina ƙanƙarar duwatsun Niyu Zilan ta koma ruwan ƙasa, ya ƙetare tekun Fasifik ya isa Chile da Ajantina, kafin Janairu ta ƙare ya zagaye duniya ya dawo saitin inda ya taso. Duk ana kallo.

Jan da kika gani a hoton ƙaninki kuwa, ƙwayoyin hayaƙin ne ke tarwatsa shuɗin da ke cikin hasken rana su bar ja da ruwan lemo su wuce. A gaishe shi.

Tambaya: Malam ni na buɗe hoton satalayit ɗin na duba, komai fari-fari ne toka-toka. Ta ina mutum zai san wannan hayaƙi ne, wannan gajimare, wannan kuma ƙura? Ɗalibinka ne.

Amsa: Ɗalibina ka yi tambayar da ke ba masu aikin kansu ciwon kai. Da ido dai, gajimare fari ne tas mai ƙulli-ƙulli kuma yana jefa inuwa a ƙasa, hayaƙi kuwa sumul yake ba ƙulli, toka-toka ko ya ɗan yi shuɗi in sabo ne siriri, in ya yi kauri ya koma ruwan ƙasa, kuma sau da yawa kana hango koguna da gabar teku ta cikinsa dishi-dishi. Ƙura ta fi karkata ga launin ƙasar da ta taso daga ita. Amma ido yana ruɗuwa, shi ya sa MODIS ba da ido ɗaya yake kallo ba, zangon haske 36 yake aunawa.

Sirrin yana ga girman ƙwaya. Ƙwayar hayaƙi ƙanana ce ƙwarai, yawanci ba ta kai maikiromita ɗaya ba, ta ƙura ta ninka ta, ɗigon ruwan gajimare kuma ya fi su duka. To in ka koma hoton zafi na dogon zango, wajen maikiromita 11, hayaƙi kusan ɓacewa yake yi, zafin ƙasa ya ratsa shi ya wuce kamar babu shi, shi kuwa gajimare yana nan daram kuma ya fito da sanyinsa tunda a sama yake. Abin da ka gani a hoton rana ka neme shi a hoton zafi ka rasa, to ka fara zargin hayaƙi. Akwai kuma shaida ta biyu, wuta tana fitar da iskar kabon monoksaid, ƙura ba ta fitarwa. Tauraron Turai Sentinel-5P da aka harba a Oktoba 2017 yana auna wannan iskar kullum, in hazon da ake gardama a kansa yana tafe da kabon monoksaid to ɗan wuta ne, ruwa ba ya tsami banza.

Wani lokacin ma duka biyun ne a cakuɗe. Ranar 16 ga Oktoba 2017 mutanen Ingila sun ga rana ta yi ja gari ya yi rawaya, wasu har sun tsorata, ashe guguwar Ophelia ce ta kwaso ƙurar Sahara ta haɗa da hayaƙin wutar Fotugal da Sifaniya ta kai musu.

Inda abin ke ƙwacewa shi ne in gajimare ya rufe, ko hayaƙi ya bi ta kan ƙasa mai haske kamar hamada ko ƙanƙara, fari kan fari. Nan lissafi yakan yi rauni, wani lokacin ma kwamfuta ta ɗauki hayaƙi mai kauri a matsayin gajimare ta share shi daga taswira, a daidai wurin da ya fi muni.

Tambaya: Na shiga taswirar wuta ta NASA na ga tsakiyar Afirka ta yi jajir. Wai duk nahiyar ce ke ci da wuta ba a faɗa a labarai?

Amsa: Kwantar da hankalinka ɗan'uwa. Taswirar FIRMS kenan ka shiga, kuma ɗigon nan an kumbura shi ne don ido ya gani, in ka ja taswirar kusa za ka ga sun rarrabu. Ɗigo ɗaya ma'anarsa an ji zafi a wani wuri cikin fili mai faɗin mita 375 in na VIIRS ne, ko kilomita ɗaya in na MODIS ne, ba wai duk filin ne ya kama ba. Gaskiya ne mafi yawan ƙasar da ke ƙonewa a duniya duk shekara a Afirka take, amma galibi wutar ciyawa ce da ta share gona lokacin rani, ta ci ta mutu. Kuma ba kowane ɗigo ne ma wutar daji ba, bututun da ke ƙona gas a wurin haƙar mai yana fitowa, dutse mai aman wuta yana fitowa, har rufin ƙarfe mai ƙyalli yakan yaudari injin.

Tambaya: Malam ina da yarinya 'yar shekara shida mai asma. Kwanaki taswira ta nuna hayaƙi ya lulluɓe yankinmu gaba ɗaya, na hana ta makaranta, na fita na ga iska lafiya lau ko wari babu. Wata rana kuma taswira ba ta nuna komai ba amma muka tashi da tari ido na yaji. Wanne zan yarda da shi, taswira ko hancina? Uwa ce mai damuwa.

Amsa: Hajiya Allah Ya ba ta lafiya. Taki ce tambayar da na fi so a riƙe a duk filin nan na yau, don nan ne mutane ke cutuwa, kuma taswirar ba ƙarya ta yi miki ba, wata tambaya daban take amsawa.

Tauraro daga sama yake leƙowa, abin da yake aunawa shi ne jimillar duk abin da ke tsakaninsa da ƙasa, tun daga rufin gidanki har can sama, a dunƙule. Masana suna da ma'auni na yadda hazo ke tare haske, in lambar ta gaza 0.1 sama garau take, in ta kai 1 hazo ya yi kauri sosai. Amma lambar ba ta gaya miki a wane hawa hayaƙin yake ba. Kamar mutum ne ya hau saman bene mai hawa goma ya leƙa ta ramin matakala ya ce akwai hayaƙi a gidan nan, gaskiya ya faɗa, amma a hawa na tara yake ko a ƙasa inda yara ke kwance? Daga inda yake ba zai iya rantsuwa ba. Hangen Dala ba shiga birni ba.

Ga misali da ya faru. Ranar 9 ga Satumba 2020 birnin San Faransisko ya wayi gari sama ta yi ja har motoci na kunna fitila da rana, kowa ya ga hoton ya ce yau kam ba a numfashi, amma na'urorin da ke ƙasa ba su nuna tashin hankali irin wanda ido ya gani ba, saboda hayaƙin yana can sama, wata iska mai sanyi da ta shigo daga teku ta shimfiɗu a ƙarƙashinsa ta tare shi. Sai a kwanakin da suka biyo, lokacin da jan ya tafi sama ta koma toka-toka ba abin ɗauka a hoto, sannan ne hayaƙin ya sauko iska ta ɓaci sosai. Haka na Kanada da ya ƙetare tekun Atlantika ya isa Sifaniya da Fotugal a ƙarshen Yuni 2023, hukumar Copernicus ta Turai ta bi shi tun daga tasowarsa, ya dusashe musu rana amma yawancinsa a sama ya wuce.

Ranarki ta biyu kuma kishiyar wannan ce. Da dare ƙasa tana hucewa, iskar da ke dab da ita ta yi sanyi ta yi nauyi, mai ɗumi ta hau kanta ta zauna kamar murfin tukunya, duk hayaƙin da ke ƙasa ba shi da hanyar tashi, sai ya kwanta a kwari da unguwanni. Shimfiɗar ba ta da kauri, daga sama ba a bakin komai take ba, amma a daidai tsayin hancin yarinya take. Ga shi lokacin dare ne, ma'aunin hazo kuma da hasken rana yake aiki, kafin tauraro mai yawo ya iso da hantsi ko azahar rana ta buɗe murfin hayaƙin ya watse, ya ɗauki hoto ya ce lafiya lau. Wuta mai cin ƙasa-ƙasa ma haka take ɓuya, irin ta Indonisiya a 2015 da ta shiga cikin ƙasar fadama mai ruɓaɓɓen ganye tana ci a hankali makonni, ba harshen wuta sosai sai hayaƙi, ta turnuƙe har Singafo da Malesiya aka rufe makarantu.

Ana ƙoƙarin toshe wannan ɓarakar. Tauraron CALIPSO na Amurka da Faransa ya yi aiki daga 2006 zuwa 2023 yana harba hasken lesa ƙasa yana auna lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, da haka ake sanin tsayin hayaƙi, EarthCARE na Turai da Japan da aka harba a Mayu 2024 shi ma yana da irin na'urar. Sai dai layi ɗaya siriri suke yanka a duk wucewa, ba lallai ya bi ta kanku ba.

Don haka ki raba musu aiki. Taswirar sama ta gaya miki ina wuta take, ina iska ta nufa, gobe ko jibi zai iya iso ku, wannan gargaɗi ne mai amfani, ki tanadi maganin shaƙarta tun kafin. Hukuncin yau za ta fita ko ba za ta fita ba kuwa, ki nemi lambar PM2.5 daga na'urar da ke ƙasa kusa da ku in akwai. PM2.5 ƙwayoyi ne da faɗinsu bai wuce maikiromita 2.5 ba, silin gashi ya ninka su kusan sau 30, shi ya sa suke wuce hanci su shige can cikin huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2021 ta sa maikirogiram 15 a kowace mita kubik a matsayin matsakaicin awa 24, a ranar hayaƙi mai tsanani kuwa lambar takan haura ɗari, har ɗaruruwa. Ki lura kuma, manhajojin waya da yawa lambar da suke nunawa ƙiyasin kwamfuta ce ba awo ba, ki duba ko an rubuta tashar da aka auna. In babu tasha kusa, idonki da hancinki ba abin rainawa ba ne, ido ba mudu ba ya san kima, in ginin da kika saba hangowa daga ƙofar gida ya dusashe ko kina jin ƙauri, ki rufe tagogi, ta bar guje-guje a waje. Takunkumin yadi ba ya tare waɗannan ƙwayoyin sosai, N95 ne ke yi, shi ma sai ya zauna a fuska daidai, kuma na manya ba ya zama a fuskar yaro. In numfashinta ya fara fito ko maganin bai kama ba, asibiti kawai, kar ki tsaya duba waya.

Tambaya: Da dare fa, suna gani?

Amsa: Wutar kam sun fi ganinta ma da dare, tunda ƙasa ta huce babu hasken rana da zai rikita lissafi. Hayaƙin ne ke wuya. VIIRS dai yana da wani ido na musamman mai kama haske ɗan mitsitsi, shi ne ke ɗauko hotunan nan na fitilun birane da dare, in akwai farin wata sosai yakan ga jelar hayaƙi a kwance, in babu wata kuma sai a lura da fitilun garin da jiya suka fito tar, yau sun yi dishi-dishi sun baje. Mai son gwadawa ya shiga shafin Worldview na NASA, kyauta ne, ya mayar da kwanan wata 6 ko 7 ga Yuni 2023 ya ja taswira kan Kebek, sai dai a yi shi inda akwai data mai yawa don yana sha.